Ruwan ido a birnin Oslo: fim ɗin soyayya na Norway da ya ba da mamaki a bikin Cannes

A cikin fina-finai 24 da suka shiga babbar gasar bikin fina-finai na birnin Cannes da ke kudancin Faransa a watan Yulin 2021, akwai guda da aka yi da yaren Norway, yaren da masu jinsa ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba a duniya baki ɗaya. Babu harbe-harbe a cikinsa, babu wani tauraron Hollywood, babu kuma mugun attajiri mai raba masoya. Labarin wata budurwa ne da ke dab da cika shekara 30, wadda ta kasa tsai da shawara kan abubuwa uku: sana'ar da za ta riƙe, namijin da za ta zauna da shi, da kuma ko za ta haihu.

Kafin a rufe bikin a ranar 17 ga watan, jarumar fim ɗin, Renate Reinsve, wadda kusan babu wanda ya san ta a wajen ƙasarta, ta lashe kyautar jarumar da ta fi kowace iya wasa. Bayan 'yan watanni kuma fim ɗin ya samu shiga rukuni biyu na gasar Oscar a Amurka.

Sunansa da yaren Norway shi ne Verdens verste menneske, wato mutumin da ya fi kowa muni a duniya. Masu jin Turanci sun san shi da The Worst Person in the World, a Faransa kuma an fitar da shi da sunan Julie en 12 chapitres. Wanda ya ba da umarninsa shi ne Joachim Trier, shi ne kuma ya rubuta labarin tare da tsohon abokinsa Eskil Vogt.

Yadda ake kallon fim a Cannes

Bikin Cannes, wanda ake furtawa Kan, ya samo asali tun 1946, kuma a watan Mayu aka saba yin sa. Annobar korona ta hana a yi shi a 2020, sannan ta sa aka ɗage na 2021 zuwa Yuli, tsakiyar zafin Turai. 'Yan kallo sun zauna da takunkumi a fuska, baƙi da yawa da suka fito daga wajen Tarayyar Turai kuma sai sun je an gwada yawunsu duk bayan kwana biyu kafin a bar su su shiga babban zauren.

Ba a sayen tikitin babbar gasar a bakin ƙofa kamar yadda aka saba a gidan silima. Sai mutum ya samu katin shaida daga masu shirya bikin, a matsayin ɗan jarida, ko mai sana'ar fim, ko ɗalibi, daga nan ya nemi kujera ta intanet. Shi ya sa a kowace yamma ake ganin mutane tsaye a gaban Palais des Festivals, sanye da kwat da dogayen riguna, riƙe da kwali suna roƙon wanda ke da tikitin da ba zai yi amfani da shi ba. Babban ɗakin kallon mai suna Lumière yana ɗaukar mutum kusan 2,300, kuma kafin a shiga sai an hau matakala 24 da aka shimfiɗa wa jan kafet. A kallon dare, namijin da bai sa baƙar kwat da ɗan maɗaurin wuya ba yana iya komawa gida bai ga komai ba.

Akwai ƙofofin da aka bar wa talaka a buɗe. Ana haska fina-finai kyauta a bakin teku da daddare, kuma tun 2018 akwai shirin da ke bai wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 28 damar shiga bikin na kwana uku. Matasan Nijar mazauna Faransa da maƙwabtanta suna iya neman wannan dama. Ga wanda ke Yamai ko Damagaram kuwa hanyar ta ƙara tsawo, tunda an rufe ofishin jakadancin Faransa a Nijar a farkon 2024.

Idan fim da wani yare aka yi shi, ana rubuta fassarar maganganun da Faransanci da Turanci a ƙasan allo. Wannan babban gwaji ne ga fim ɗin barkwanci, domin dariya tana son a ji magana a daidai lokacin da ta fito daga baki, mai karatu kuwa yakan riga jarumi ko ya makara. Bugu da ƙari, alƙalan Cannes sun fi sabawa da fina-finan yaƙi, talauci da siyasa, kuma ba kasafai ake ganin labarin soyayya mai ban dariya a babbar gasar ba. Fim ɗin Trier ya tsallake waɗannan shingaye ne saboda yawancin abin dariyar yana kan fuskar jarumar, ba sai an karanta ba.

Wace ce Julie?

An tsara fim ɗin kamar littafi: gabatarwa, babi 12, da kammalawa, ga kuma muryar wata mata da ke ba da labarin jefi-jefi cikin zolaya. A 'yan mintocin farko an nuna Julie tana karatun likita a jami'a, ba don tana son aikin ba, sai don makinta ya kai. Ta bari ta koma karatun halayyar ɗan Adam. Shi ma ta bari ta ce ɗaukar hoto ne ya dace da ita. Ta ƙare tana sayar da littattafai a wani kanti. Duk lokacin da ta sauya karatu sai ta sauya gyaran gashi da saurayi, mahaifiyarta kuma tana binta da to, Allah ya taimaka irin na Turawa.

A nan ne ta haɗu da Aksel, mai zanen littattafan barkwanci da ya yi suna, wanda ya girme ta da kusan shekara 15. Shi ya riga ya san inda ya dosa, kuma yana son 'ya'ya. Ita kuwa ta ce tana so, amma ba yanzu ba, kuma da ya tambaye ta abin da take jira, ba ta da amsa. Sun tafi hutun ƙarshen mako tare da abokansa masu aure da yara, inda kukan yara da faɗan miji da mata suka ƙara sa ta ja da baya.

Wata yamma ta sulale daga liyafar da aka shirya domin sabon littafin Aksel, ta faɗa walimar auren wasu mutanen da ba ta sani ba. A can ta yi ƙaryar cewa ita likita ce, tana gaya wa iyaye mata cewa yawan rungumar yaro yana lalata shi, su kuma suna zare ido. A can ne ta gamu da Eivind, mai haɗa kofi a wani shago, wanda shi ma yana da wadda yake tare da ita. Su biyun suka yi alkawarin ba za su ci amanar kowa ba, sannan suka kwana suna laluben inda iyakar cin amana take. Da gari ya waye suka rabu da sunan farko kawai, domin kada ɗayansu ya nemo ɗaya a Facebook.

Bahaushe yana da sunan wannan ciwo tun kafin a yi silima: ruwan ido. Mutum ya shiga kasuwa, kaya sun yi yawa, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan ya ajiye, har kasuwa ta watse. Sunan fim ɗin ma daga irin wannan hali ya fito. Magana ce da mutanen Norway ke yi wa kansu idan sun ji sun yi ba daidai ba, kuma a cikin fim ɗin Eivind ne aka ce ya ji kansa haka, lokacin da zuciyarsa ta bar budurwarsa Sunniva, wadda ta duƙufa wajen yaƙi da sauyin yanayi.

Safiyar da birni ya tsaya cak

Wurin da aka fi tunawa da shi a fim ɗin yana tsakiya. Aksel yana zuba kofi a kicin, Julie na son gaya masa ta gaji amma bakinta ya yi nauyi. Sai ta danna makunnin fitila, komai ya tsaya: kofin da ake zubawa, masu tafiya a ƙafa, masu kekuna, motoci. Ita kaɗai ke motsi. Ta fita da gudu ta ratsa titunan Oslo tana murmushi har ta isa shagon da Eivind ke aiki, suka yini tare a cikin birnin da ya daskare, sannan ta dawo ta sake danna makunnin, duniya ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Abin da ya ƙara wa wannan wuri armashi shi ne, mutanen da ke kan titin na gaske ne, an roƙe su ne su tsaya ƙyam ba motsi. Shi ya sa mai lura zai ga iska tana kaɗa ganyen itatuwa da gashin mutane. Mai ɗaukar hoton, Kasper Tuxen ɗan ƙasar Denmark, ya yi aikin ne da tsohon zaren fim mai faɗin milimita 35, wanda ke fitar da hasken bazarar Oslo, lokacin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba.

Abin da ke biye da wannan gudu shi ne doguwar hirar rabuwa a falo, ba kiɗa ba ado. Julie ta ce tana jin kamar 'yar kallo ce a rayuwarta, Aksel kuma yana kawo hujja bayan hujja, tunda ya fi ta iya magana. Duk wanda ya taɓa barin mutumin da bai yi masa laifin komai ba zai gane wannan zama.

Babu uba mai hana aure

Mai kallon da ya tashi da fina-finan Indiya da na Kano ya san yadda labarin soyayya ke tafiya. Saurayi da budurwa suna son juna tun farko, matsalar daga waje take zuwa: uba ya yi alkawari da wani, ko talauci, ko kishiya, ko bambancin asali. Tun 1972 fim ɗin Oumarou Ganda na Nijar, Le Wazzou polygame, ya lashe babbar kyautar Etalon de Yennenga ta farko a bikin FESPACO na Wagadugu da irin wannan labari, inda wani Alhaji ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta.

A labarin Julie an cire duk waɗannan duwatsu daga hanya. Babu wanda ya tambaye ta sadaki ko kayan ɗaki, babu gwaggon da ke ƙirga mata shekaru a gaban mutane. Mahaifinta ma, wanda ya rabu da mahaifiyarta ya kafa wani gidan a garin Hønefoss, bai zo walimar cikarta shekara 30 ba, ya fake da ciwon baya. Maza biyun da ke rayuwarta dukansu mutanen kirki ne daidai gwargwado. Tunda babu wanda za ta ɗora wa laifi, nauyin kowace shawara a kanta yake sauka, kuma kowace ƙofa ta shiga sai ta ji ƙarar sauran suna rufuwa.

Fim ɗin bai bar wannan 'yanci ya zama kamar daga sama ya faɗo ba. A ranar walimar, kyamara ta bi hotunan da ke jere a gidan mahaifiyarta, muryar mai ba da labari tana faɗin inda kowace kaka take lokacin da ta cika 30. Wata ta riga ta zama gwauruwa da yara a gabanta. Wata ta haifi bakwai, tarin fuka ya kashe biyu. Ta can baya ma ba ta kai shekara 30 ɗin ba. Cikin minti ɗaya an nuna cewa Norway ma ta taɓa zama ƙasar haihuwa da yawa da mutuwa da wuri, kuma Julie ce ta farko a zuriyar da ta samu sararin tambayar kanta me take so.

Alƙaluman da ke bayan labarin

Norway ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 5 da rabi, wadda ta tara kuɗin man fetur ɗinta a wani babban asusun gwamnati. 'Yan ƙasa ba sa biyan kuɗin karatu a jami'o'in gwamnati, kuma akwai hukumar da ke ba ɗalibai bashi da tallafin zama. Wannan ne ya sa Julie ke iya sauya fanni sau uku ba tare da gidansu ya girgiza ba. Ɗaliban da suka fito daga wajen Turai kuwa, tun daga 2023 an fara karɓar kuɗin makaranta a hannunsu.

Iyaye na samun hutun haihuwa na mako 49 da cikakken albashi, wanda uwa da uba ke rabawa. Fiye da rabin yaran ƙasar ana haifarsu ne ba tare da iyayen sun ɗaura aure ba, domin abin da a ƙasar Hausa ake kira zaman dadiro, a can doka da al'umma sun karɓe shi. Duk da wannan tallafi haihuwa ta yi ta raguwa. A jawabinta na sabuwar shekarar 2019, firaministar lokacin Erna Solberg ta fito fili ta ce ƙasar na buƙatar ƙarin yara. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ce a 2023 matsakaicin haihuwa ya sauka zuwa 1.40 ga kowace mace, kuma mace kan kai shekara 30 kafin haihuwar fari.

A Nijar, binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna 7.6 ga kowace mace, kuma alƙaluman UNICEF sun daɗe suna nuna cewa kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika 18. Saboda haka mai kallo daga Maraɗi ko Tawa yana da hujja idan ya ce damuwar Julie ta masu ƙoshi ce. Fim ɗin kansa yana yi mata wannan dariyar. To amma tsakanin waɗannan alƙaluma biyu akwai wasu mutane da ke ƙaruwa: 'yan matan da suka gama jami'a suna aiki a Yamai, samarin da suka shekara goma a Beljiyam, Jamus ko Kanada suna cewa sai sun daidaita kafin su yi aure, da waɗanda duk kiran waya daga gida ke ƙarewa da tambayar yaushe ne. Su ba su da asusun man fetur a bayansu, amma sun san yadda shekaru ke tafiya alhali mutum yana jiran ya shirya.

Inda dariya ta ƙare

Wanda bai ga fim ɗin ba kuma ba ya son a gaya masa ƙarshensa, yana iya tsallake wannan sashe.

Zaman Julie da Eivind ya fara da daɗi, domin shi ma ba ya son haihuwa, yana ganin duniya ta riga ta cika. Ba a daɗe ba ta fara ganin gazawarsa, har ta yi masa gori cewa zai tsufa yana miƙa wa mutane kofi. A ɓangare guda Aksel ya shiga tsaka mai wuya: an mai da zanensa fim ɗin yara an cire masa haƙora, sannan a wata hira da aka watsa, wasu mata sun tuhume shi da wulaƙanta mata a tsofaffin zane-zanensa, shi kuma ya harzuƙa ya ƙara ɓata lamarin.

Sai labari biyu suka zo kusan tare. Julie ta gano tana da ciki, ta kuma ji cewa Aksel na fama da ciwon daji da ba zai warke ba. Ta je asibiti ta same shi, kuma hirarrakin da suka yi a can su ne zuciyar fim ɗin. Ya ba ta labarin zamanin da ya tashi a ciki, lokacin da waƙa da fim abubuwa ne da ake riƙewa a hannu, a je kanti a saya, a tara a ɗaki. Duk wanda ya yi zamanin kaset da shagunan haya na bidiyo ya san abin da yake nufi. Ya ce yanzu ba shi da gaba, sai waiwaye. Ita kuma ta tambaye shi ko yana ganin za ta iya zama uwa ta gari, tambayar da ta ƙi amsawa lokacin da suke tare.

Aksel ya rasu, cikin ya zube, ta kuma rabu da Eivind. A lissafin kasuwa an yi ba tsuntsu ba tarko ke nan. Sai dai a babin kammalawa an ga Julie tana aikin ɗaukar hoto a wurin shirya wani fim, ta hango ta taga Eivind, wanda ya ce ba ya son yara, yana riƙe da jariri tare da wata mata. Ta koma ɗakinta ta zauna gaban kwamfuta tana gyara hotunan da ta ɗauka. Masu sharhi sun rabu a kan wannan ƙarshe. Wasu na ganin ta samu kanta, tunda a karon farko ta riƙe abu ɗaya. Wasu kuma na ganin marubutan, waɗanda duka maza ne, sun kauce wa tambaya mafi wuya da suka sa cikin ya zube da kansa, kuma sun ba namijin da ke mutuwa kalamai mafi nauyi a fim ɗin da aka ce na mace ne.

Chadi da Nijar a bikin guda

A gasar ta 2021 akwai wani fim da ya tsaya kan ciki da zaɓin mace, amma daga maƙwabciyar Nijar. Shi ne Lingui na Mahamat-Saleh Haroun ɗan ƙasar Chadi. Labarin Amina ne, wadda ke zaune a gefen birnin Njamena tana saƙa murhu da wayar da take cirowa daga tsofaffin tayoyi, ta kuma gano 'yarta Maria mai shekara 15 tana da cikin da ba ta so, a ƙasar da doka da addini suka hana zubarwa. Alƙalai tara ƙarƙashin Spike Lee, baƙar fata na farko da ya shugabanci alƙalan gasar, tare da Mati Diop mai tushe a Senegal, sun kalli fina-finan biyu a cikin kwanaki guda. A ɗaya, gwajin ciki ya jefa mace cikin tunani. A ɗayan, ya sa an kori yarinya daga makaranta, rayuwarta kuma ta shiga haɗari.

Nijar ma ta bayyana a allon bikin na wannan shekara. A wani sashe na musamman kan sauyin yanayi an nuna Marcher sur l'eau na Aïssa Maïga, wanda aka ɗauka a ƙauyen Tatiste da ke yankin Azawak. Ya bi Houlaye, yarinya mai shekara 14, da ke tafiya mai nisa neman ruwa tana kuma riƙon ƙannenta idan manya sun tafi ci-rani. Wannan ba shi ne karon farko ba: tun 1969 aka nuna Cabascabo na Oumarou Ganda a sashen masu sharhi na bikin.

Babbar kyautar Palme d'or ta 2021 ta tafi ga Titane na Julia Ducournau 'yar Faransa, mace ta biyu da ta taɓa cin ta, bayan Jane Campion a 1993. Spike Lee ya yi suɓutar baki ya faɗi sunan tun a farkon taron, kafin lokacinsa ya yi.

Jarumar da ta kusa zama kafinta

Labarin waɗanda suka yi fim ɗin bai rasa kama da na Julie ba. An haifi Renate Reinsve a 1987, ta shafe shekaru tana wasan daɓe a Norway. A 2011 ta fito a fim ɗin Trier mai suna Oslo, 31. august, inda aka ba ta jimla ɗaya tak. Shekaru sun wuce ba ta samu babban matsayi a fim ba, har ta yanke shawarar barin sana'ar ta koma aikin kafinta. Kamar yadda ta sha faɗa a hirarraki, washegarin wannan shawara ne Trier ya kira ta ya ce da ita a zuciya ya rubuta labarin.

Anders Danielsen Lie, wanda ya fito a matsayin Aksel, likita ne na gaske a Oslo, yana haɗa duba marasa lafiya da fitowa a fim, kuma ya yi aiki a lokacin korona. Shi ne ya ja fina-finai biyu na farko na Trier, Reprise na 2006 da Oslo, 31. august, waɗanda tare da wannan ake kira fina-finan Oslo guda uku. Herbert Nordrum ne Eivind.

Shi kuwa Trier an haife shi a Copenhagen a 1974, ya tashi a Oslo, ya yi karatun fim a Birtaniya. Gado ya yi: fim ɗin kakansa Erik Løchen mai suna Jakten ya shiga gasar Cannes a 1960. A 2015 fim ɗin Trier na Turanci, Louder Than Bombs, ya mai da Norway cikin babbar gasar bayan ta daɗe ba ta shiga ba tun 1979. A Oscar na 2022, labarin Julie ya nemi kyautar fim ɗin ƙasashen waje da ta rubutun labari, amma Drive My Car na Japan da Belfast suka ɗauke. A 2025 Trier da Reinsve sun koma Cannes da Valeur sentimentale, labarin wani tsohon mai shirya fim da 'ya'yansa mata biyu da ya yi watsi da su, suka kuma tafi da Grand Prix, kyauta ta biyu mafi girma a bikin.

Ga mai son kallo

Fim ɗin ya fita a gidajen silima na Faransa da Norway a watan Oktoban 2021, kuma yanzu ana samunsa a manhajojin kallon fim na intanet da fassarar Faransanci ko Turanci. Tsawonsa ya ɗan haura awa biyu. Ya kamata a sani cewa akwai tsiraici, shan giya da kayan maye, da maganganun da ba a yi a gaban surukai, don haka ba fim ne da za a kunna a tsakar gida da yara ba.

Wanda ke neman labarin da zai ƙare da ɗaurin aure ba zai same shi a nan ba, haka ma wanda ke jiran a hukunta Julie ko a wanke ta. Abin da zai samu shi ne shekaru huɗu na rayuwar mace guda a birni mai arziki, da lissafin abin da kowane jinkiri ya ci mata. Aksel ya so yara a lokacin da ba ta shirya ba, Eivind ya samu yara a lokacin da ta riga ta wuce, kuma babu ɗayansu da ya san yawan lokacin da ya rage masa sa'ad da yake yanke shawara.